Sharar Shagon Ubaidullah

"Kar ki tura da ƙarfi. Bar zarton ya ci da kansa, ke dai ki riƙa juya katakon."

Umaima ba ta ɗago ba. Ta cije leɓe, ta dafe katakon da yatsunta, siririn zarton injin yana hawa yana sauka kamar allurar keken ɗinki, yana bin layin fensir a hankali. Garin katako ya yi wa bakin hijabinta fari fat.

"Ubaid, in ka ƙara yi mini magana zan karya maka zarton nan kamar yadda na karya na jiya."

Ya yi murmushi, amma murmushin bai kai ciki ba. Idonsa na kan titi. Duk motar da ta rage gudu a gaban shagon sai ya leƙa ya ga mai ita.

Shagon nasa ne, a unguwar Abakpa ta Kaduna, ɗan tsukukun wuri tsakanin mai gyaran fanka da rumfar Iya mai ƙosai. Ubaidullah ba kafintan gado da kujera ba ne. Aikinsa yanka rubutu da furanni a jikin katako, irin waɗanda amare ke ratayewa a falo. To amma je ka faɗa wa Alhaji Lawan haka. A wurin mahaifin Umaima, wanda ya yi ritaya yana darakta a ma'aikatar gwamnati, duk wanda garin katako ya taɓa wa gashi kafinta ne, kuma shi bai ga abin da ya haɗa 'yarsa mai digiri da kafinta ba. Ga Sharhabil ɗan ƙanwarsa nan, da motarsa da ofishinsa, kullum yana zarya a gidan kamar an aiko shi.

An sha kuka kafin Alhaji ya sassauta. Lubna, yayar Umaima, ita ta durƙusa masa ta ce a bikinta ba ta roƙon komai sai wannan. Daga ƙarshe ya ce to, in an kai Lubna ɗakinta, Ubaidullah ya turo manyansa a ji ta bakinsu. Amma da sharaɗi. Kafin nan ba zance, ba waya, kuma kar ƙafar Umaima ta taka Abakpa.

Ga ta nan kuwa a tsakiyar Abakpa, ƙafa biyu.

Ita a ganinta ba zance ta zo ba, aiki ta zo. Lubna ta yi mata abin da ba wanda ya yi mata, don haka ba za ta shiga kasuwa ta sayo mata kula ko bargo ba, sai abin da hannunta ya yi. Ubaidullah ya yi roƙon duniya ta bari ya yi mata, ta ƙi. Da ya ga taurin kan nan na gado ne, sai ya sa ƙanwarsa Rahmatu ta riƙa zama a bakin ƙofa duk ranar da za ta zo, don kar a ce an gan su su biyu.

Fitilar bango take yi. Allon madaci ne, an zana masa addu'ar nan da ake yi wa ma'aurata da rubutun Larabci, ƙasa kuma sunan Lubna da na angonta Adamu. Kowane harafi sai an huda masa ɗan rami, a kwance zarton a zura shi ta ramin, a ɗaure, sannan a bi gefen harafin har ya zame ya faɗi ƙasa. In an gama aka sa ƙwan lantarki a baya, haske zai riƙa fitowa ta gurbin haruffan.

"Umaima, yau ce ta ƙarshe ko?" ya tambaye ta a hankali.

"Korata kake yi?"

"Tsoro nake ji. Saura ƙiris a ce mu turo. In Baba ya ji kin zo nan, wallahi duk wahalar da muka sha ta tashi a banza."

Ta tsayar da injin ta dube shi. Ya rame, ita ma ta san ta rame. Ta so ta tsokane shi, sai ta ji idonta ya kawo ruwa.

"Yau ce ta ƙarshe. In ka sake ganina a shagon nan, to da igiyarka a kaina."

Aka kira azahar. Ya ɗauki buta, ya ce daga masallaci zai wuce kasuwar Panteka ya sayo wayar fitilar, Rahmatu ta kulle shago ta tafi da makulli gida. Har ya fita ya dawo ya leƙo.

"In kin gama ki bar komai yadda yake. Zan gyara gobe."

"To, maigida," ta ce, Rahmatu ta ƙyalƙyale da dariya.

Tana yanke harafin ƙarshe aka ɗauke wuta, shagon ya yi duhu. Ta ɗaga allon ta fuskanci ƙofa da shi, hasken rana ya ratso ta cikin rubutun, ita da Rahmatu suka tsaya suna kallo. Daɗi ya kama ta. Sai ta ga tsintsiya a jingine.

Wace mace ce za ta bar wa wanda take so shago kaca-kaca a ranar zuwanta na ƙarshe? Ta tattare hijabi, ta zura tsintsiya ƙarƙashin tebur ta jawo duk abin da ke wurin, gari da guntaye, ta kwashe a cikin duhun nan ta juye a buhun da ke bakin ƙofa ta waje. Buhun Iya ne, kullum da yamma take ja ta kai rumfarta ta hura wuta da safe.

Abin da Umaima ba ta sani ba shi ne, duk ranar da ta tafi, Ubaidullah kan durƙusa ƙarƙashin teburin nan ya tsince haruffan da suka faɗo ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a gwangwani mai murfi. In ya cika ya ƙona su a wuri mai tsarki ya binne tokar. Haka wanda ya koya masa sana'ar ya hore shi. Bai taɓa faɗa mata ba. Yana jin nauyin ya ce wa 'yar darakta ta duƙa ta yi tsince-tsince, kuma in za a faɗi gaskiya, yana jin daɗin taɓa abin da hannunta ya yanka. Ni dai na rasa wa zan ba laifi a cikinsu. Shi kunya ta hana shi magana, ita ƙauna ta sa ta ɗaukar tsintsiya, kuma a ranar ne ta yanke layin da ke ɗauke da sunan Allah.

Washegari gidan Alhaji Lawan a Unguwar Dosa ya cika da hayaniyar biki. Ana suyar cincin a bayan gida, mai lalle ta baje kayanta a ɗakin Lubna. Umaima tana riƙe wa yayarta ƙafa suka ji motar Sharhabil ta shigo da wani irin gudu, bayanta kuma ƙarar babura da muryoyin maza.

Lubna ta ɗaga labulen taga. "Lafiya? Su waye waɗannan a ƙofar gida?"

Umaima ta lallaɓa ta tsaya bayan labulen falo. Sharhabil na tsaye gaban Alhaji, yana kwance wani abu daga hankici, idonsa na mai murna ne.

"Kawu, dubi abin da surukin naka yake yi. Da safen nan na je in ja masa kunne ya fita harkar gidan nan, na tarar bai buɗe ba. Ina tsaye wurin tsohuwar nan mai ƙosai, a gabana ta ɗebo itace za ta cusa a murhu. Da hannuna na fizgo shi daga wuta. Ita ba ta gani sosai, ta ce daga shagonsa ake zuba mata."

Ya ajiye a kan tebur. Guntun madaci ne, bai kai tafin hannu ba, gefensa ɗaya ya ƙone, ga maiƙo ya ɓata shi. Ko yaron da ke ajin farko a Islamiyya zai karanta abin da ke jiki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Alhaji. Ya ɗauka da hannu biyu ya goge da bakin rigarsa.

Umaima ta leƙa ta gefen labule. Ta san lanƙwasar nan. Ita ta yanke ta, har ta yi ta alfahari da yadda ta fito sumul.

Sharhabil ya ci gaba. Ya ce ya nuna wa mutanen layin, samari sun taru za su fasa shagon, limaminsu Malam Ila ya hana. Da aka buɗe aka ga allon da sunan Lubna a jiki, shi ya sa liman ya ce a zo nan a warware, tunda aikin gidan nan ne. Yanzu haka suna waje, sun taho da Ubaidullah.

"Kai ka tara su kenan," Alhaji ya ce, bai ɗago ba.

"Kawu, kishin addini ne."

"Shigo mini da shi. Shi kaɗai."

Ubaidullah ya shigo ba hula, an yage masa aljihun riga. Ya durƙusa nesa da kafet ya gaida Alhaji, muryarsa ba ta rawa.

"Wa ya sa ka wannan aikin da sunan 'yata?"

"Ba wanda ya sa ni, Baba. Gudummawata ce ta bikin Yaya Lubna."

"Wa ya yanka wannan?"

"Ni ne."

"Wa ya zuba shi a shara?"

Ubaidullah ya ɗago. Idonsa ya kai kan labule, inda yatsun ƙafar Umaima masu sabon lalle suka leƙo ta ƙasa, ya yi maza ya mayar da kai.

"Ni ne, Baba. Gaggawa na yi, an ɗauke wuta, ban duba ba. Ba wanda ke taɓa injina sai ni."

"Ka ji ko, Kawu!" Sharhabil ya ɗaga murya. "Da bakinsa! Wannan za a ɗauki Umaima a ba?"

Alhaji ya daɗe yana kallon saurayin da ke durƙushe. Sannan shi ma ya kalli ƙasan labulen.

"Sharhabil, je ka sa a fitar wa mutanen waje da tabarma da ruwa. Ka zauna tare da su, kar ka dawo sai na kira ka."

Bai so ba, amma ya fita. Alhaji ya tashi da kansa ya murza makullin ƙofar falo.

"Fito."

Umaima ta faɗo falon, ta zube gaban mahaifinta, kuka ya ci ƙarfinta har maganar na sarƙewa. Lubna ta biyo ta da ɗanyen lalle a ƙafa, tana taka kafet ba ta ma sani ba.

"Abba ƙarya yake yi! Wallahi ƙarya yake yi! Ni ce. Ni na yanka, ni na share, ba ya ma nan. Ya ce in bar komai yadda yake, ban ji ba. Abba ni na je shagon, ya hana ni na ƙi, ya roƙe ni na ƙi. Ka yanka ni in ka ga dama, amma shi bai yi komai ba."

"Umaima, ki yi shiru," in ji Ubaidullah. "Baba, ruɗewa ce, so take ta kare ni."

"Kai ma yi mini shiru."

Ana jin shessheƙar Umaima da guna-gunin maza daga waje. Alhaji ya koma ya zauna kamar wanda aka zare wa laka.

"Tun yaushe kike zuwa?"

"Tun bayan da aka sa ranar Yaya."

"Na ce kar ki je, kika je."

"Na tuba, Abba."

"Ni kika mayar mutumin banza a gidana, ina zaune ina cewa 'yata mai jin magana ce." Ya juya ga Ubaidullah. "Kai kuma ka dubi tsabar idona ka yi mini ƙarya. Ka san abin da mutanen can za su iya yi maka?"

"Na sani, Baba."

"To don me?"

Sai a lokacin muryar Ubaidullah ta karye. "Baba, ni na san ƙa'idar aikin, ita ba ta sani ba. Da na buɗe baki na faɗa mata tun ranar farko, da ba a zo nan ba. Ko ba ni na riƙe tsintsiyar ba, ban ga yadda zan tsaya a waje in kira sunanta ba. Gara su yi da ni."

Lubna ta toshe baki da mayafi. Umaima ta ɗago da jajayen idanu, wani ɗan fata ya shigo mata, don ta ga fuskar mahaifinta ta sauya. Bai taɓa kallon Ubaidullah haka ba.

"Abba ka gani ko? Ka ga irin mutumin da nake faɗa maka? Bari in fita in gaya wa Malam Ila gaskiya. Kuskure ne, Allah ya ga zuciyata, ba da gangan na yi ba."

"Na san kuskure ne. Malam Ila ma ya sani, shi ya sa ya hana a fasa shago. Ubangijin da aka taɓa sunansa ya fi kowa sanin ba da gangan ba ne." Ya nuna ƙofa da hannu. "Amma yaran can ba wannan suka zo ji ba. Suna suka zo a ba su. Kuma duk sunan da aka ba su yau, shi Kaduna za ta riƙe har a mutu."

"To a ba su nawa!"

"A ba su naki? A ce 'yar Lawan tana satar jiki zuwa shagon namiji, har ta zuba sunan Allah a murhun ƙosai? Kin san me za a ƙara a kai kafin magariba? Dangin Adamu suna hanya daga Zariya, kina jin za su ɗauki yayarki daga gidan da ake nunawa da baki? Namiji in abu ya same shi, ya naɗe kayansa ya koma wani gari ya buɗe shago. Ke ina za ki koma?"

"Zan bi shi duk inda ya koma. Abba ka ɗaura mana aure kawai mu tafi, ba sai an yi biki ba."

Alhaji ya girgiza kai, hawaye ya gangaro masa cikin furfurar gemu. Tunda suka taso, 'ya'yansa ba su taɓa ganin haka ba.

"In na ɗauke ki na ba mutumin da ya amsa wannan laifi a ƙofar gidana, ba wanda zai yarda haka kawai na yi. Za a tona. Sharhabil ne zai fara tonawa, kuma ba zai sha wuya ba, duk layin can sun san fuskarki. Ƙaryar da ya yi domin ki ba za ta tsaya ba sai in ya fita rayuwarki gaba ɗaya."

Umaima ta miƙe zumbur ta nufi ƙofa. Hannunta na kan makulli muryarsa ta same ta.

"Umaima, in kika murɗa makullin nan ban yafe miki ba, duniya da lahira."

Ta tsaya cak. Hannun ya zame da kansa. Lubna ta rungumo ta ta baya, suka sulale ƙasa tare.

Alhaji Lawan ya cire hularsa ya ajiye a kan kujera. Ya sauko daga kujerar, dattijo mai ciwon gwiwa, ya zauna a ƙasa daidai da saurayin da bai taɓa yarda ya ba hannu ba, ya kama hannayensa biyu masu kanta.

"Na raina ka, yaro. Na ce kafinta ne. Yau na san duk cikin masu zuwa ƙofar nan ba wanda ya cancanci 'yata sai kai, kuma yau ɗin ne ba ni da halin ba ka ita. Ban isa in umarce ka ba, ba ni da wannan bakin. Roƙonka nake yi a matsayin uba. Ka fita ka maimaita musu abin da ka faɗa mini."

"Ubaid kar ka yarda!" Umaima ta ƙwala. "Ka ce a'a! Don girman Allah ka ce a'a, ka ce ba za ka iya rabuwa da ni ba! Kai ka ce mini saura ƙiris!"

Ya dube ta. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba, ya dube ta sosai a gaban mahaifinta, kamar mai son ya haddace fuskar.

"Na faɗi haka, Umaima. Ki yafe mini."

Ya zare hannunsa a hankali, ya ɗauki hular Alhaji ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, sa hularka. Kar su gan ka haka."

Ya murɗa makullin da kansa ya fita. Alhaji ya mayar da ƙofar ya jingina bayansa da ita, ya tokare.

Suka ji ƙarar ƙofar gida, suka ji hayaniyar ta tashi, sannan muryar Malam Ila tana cewa a saurara, a saurara. Wurin ya lafa. Umaima ta daina kuka, ta daina ko numfashin kirki, tana jira ko zai fasa, ko zai yi shiru, ko wani abu zai faɗo daga sama ya hana shi.

Muryarsa ta ratso katanga, a natse, irin yadda yake mata magana in tana kan injin.

"Jama'a, ni ne. Ni kaɗai ne, ba ruwan kowa a gidan nan."

Umaima ta buɗe baki za ta ƙaryata shi, tafin hannun yayarta ya rufe bakin, Lubna tana kuka tana danna shi da duk ƙarfinta.